A Tokyo sai an iya faɗuwa ake koyon kaye

Ni ɗan Maraɗi ne, a bakin filin kokawa na tashi. A wurinmu da zarar an kai ka ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su koma kan wanda ya yi kaye, kai kuma ka kakkaɓe jiki ka kama hanya. Shi ya sa ranar da abokin aikina ya ja ni zauren Korakuen, dab da babban filin wasa na Tokyo Dome, kallon kokawar mata da suke kira joshi puroresu, da niyyar dariya na tafi. An riga an tsara wadda za ta ci, wace irin kokawa ke nan?

Wata ƙaramar yarinya a wasan farko ce ta rufe min baki. An maka ta da ƙasa ya fi sau goma. Kowane karo sai ta manna haɓa a ƙirji, ta doki dandalin da hannu biyu, ta miƙe. Ukemi suke ce wa wannan, wato iya faɗuwa, kuma ba a barin sabuwar shiga ta hau dandali sai ta ƙware a kai. Bayan wasanta sai ga ta tsugune a gefe cikin kayan motsa jiki, riƙe da ruwa da ƙanƙara, tana tattara dogayen takardu masu launi da 'yan kallo ke jefa wa yayyenta a sana'ar.

Tarbiyyar ta samo asali daga Zenjo, kamfanin kokawar mata da aka kafa a 1968 ya rushe a 2005. Dokarsa uku: ba giya, ba taba, ba saurayi. Shekara 25 kuma a ce ki yi ritaya. Wannan ta ƙarshen zalunci ce a ganina, mace tana kan ganiyarta a sallame ta. Amma daga gidan ne Chigusa Nagayo da Lioness Asuka da Manami Toyota suka fito, har mata suka yi gagarumin wasa a Tokyo Dome a 1994. Yanzu kamfanin Stardom ke kan gaba, kuma Iyo Sky da ke tashe a Amurka a Stardom ɗin ta fara yin suna. Wani abin dai bai kwanta min ba: wata 'yar kokawa mai suna AZM tana shekara 11 ta fara.

Mu fa? Tun 1975 ake gasar kokawa ta cin takobi a Nijar, kuma kokawarmu ta gaske ce, ba tsari. Sai dai yaro a dandalin ƙauye yake koya bayan kaka, daga kallo da shan kaye. Akwai laya, akwai kirari, amma ban taɓa ganin wanda ya zaunar da yaro ya nuna masa yadda zai kare wuyansa ba.

Kawuna tsohon ɗan kokawa ne, yau ko sujada sai a zaune. Na kira shi na ba shi labari. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, a koya wa yaro faɗuwa? To wa zai ba shi mata?"