"Wahala ba rabona ba ce": wa ya koya muku wannan magana?

Ƙannena 'yan zumuntar matasa, tun ranar Lahadi raina bai kwanta ba, shi ya sa na zauna na rubuto muku.

A sujadar safe a nan Marwa, arewacin Kamaru, da aka zo lokacin ba da shaida, wata tsohuwa ta miƙe. Daga duwatsun wajen Koza take, cikin waɗanda Boko Haram suka raba da gidajensu. Da harshen Mafa ta yi magana, wani dattijo yana juyawa. Ta ce an ƙone rumbunta cike da gero, an kora awakinta, mijinta bai sauko daga dutse da rai ba, ita kuma damina guda ta yi tana kwana a kogo. Sai ta ɗaga hannu ta ce godiya ta kawo wa Yesu, domin a kogon nan ne ta san shi da gaske. Ta kama waƙa, murya na rawa, fuska kuwa sai annuri.

Ina zaune kusa da baya, ku kuna bayana. Da kunnena na ji ɗayanku ya ce, "Allah ya kiyaye, wahala ba rabona ba ce," sauran suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ƙara da cewa a dubi silifas ɗin mama, in wannan ce albarka ita ta yafe. Haba ƙannena! A cikin majami'a? Sa'ar kakarku?

Wa ya koya muku maganar nan? A wace aya kuka same ta? Na san inda kuke kwaso ta. Daga masu wa'azin da kuke kallo a waya har tsakar dare, da waɗanda ke kafa rumfa a unguwa suna sayar muku da mai da ruwa a 'yar kwalba, suna cewa wanda Allah ke tare da shi ba ya ciwo, ba ya rashi, ba ya kuka. Ku ɗauki sefa dubu biyar da uwarku ta tara da suyar ƙosai ku kai musu "iri", ku dawo kuna kallon mai shan wahala kamar la'ananne. To, in haka ne, Bulus la'ananne ne? Sau biyar aka yi masa bulala arba'in ba ɗaya, sau uku aka doke shi da sanda, aka jejjefe shi da duwatsu, jirgi ya fashe da shi har sau uku. A Filibi, shi da Sila, baya duk rauni, ƙafafu a ɗaure, da tsakar dare waƙar yabo suke yi har sauran 'yan kurkuku suna saurare. Ku buɗe Ayyukan Manzanni 5:41. An zane manzanni, suka fito daga gaban majalisa suna murna don an ga sun isa su sha wulaƙanci saboda sunan Yesu. Murna fa! Irin murnar da kuka gani a fuskar mama kuka yi mata dariya.

Shi Mai Ceton ma da kuke rataye da gicciyensa a wuya don ado, a kan gicciyen ya mutu, kuma ya faɗa baro-baro cewa mai binsa sai ya ɗauki nasa kowace rana. Yaya bawa zai ce abin da ya sami ubangidansa ba rabonsa ba ne?

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu a nan arewa miya ta ƙare mana tun tuni, mun kuma ga masu ci. A Nuwamba 2013 aka sace Fada Georges Vandenbeusch, limamin Katolika Bafaranshe, a Nguetchewe, mutumin da ya san akwai haɗari ya zaɓi zama da jama'arsa. A sansanin Minawao kusa da Mokolo, 'yan'uwanmu da suka gudo daga Najeriya hannu rabbana, sun kafa wa kansu wuraren sujada. Maƙwabtanmu Musulmi ma an kashe nasu, an ƙone musu kasuwanni, tare muka yi kuka. Duk wannan a ƙofar gidanku ya faru, amma ku bakinku bai iya komai ba sai "ba rabona ba ce".

Ba ina cewa ku je ku nemo wahala ba ne. Kuma kada wani ya fake da maganata. Wanda ya zubar da kuɗin makarantarsa a cacar ƙwallo, ko ya sha tiramol ya faɗi a kan babur, ko ya kwana a mashayar giyar bilbil aka kore shi daga aiki, kada ya zo ya ce mini gicciye yake ɗauka. Bitrus ya raba zancen: kada waninku ya sha wahala don sata ko mugunta ko shisshigi, amma in don shi Kirista ne, kada ya ji kunya. Abin takaici, irin wahalar da kuka jawo wa kanku kuna jure ta ba ko tsaki, wadda za ta zo don sunan Almasihu kuwa ko ƙurarta ba ku so. An ɗan yi maka ba'a a kasuwa ka sauya suna. Mai shago ya ce ka zo aiki ranar Lahadi, ko buɗe baki ba ka yi ba. Sannan ka zo kana raina wadda ta rasa komai ba ta saki bangaskiyarta ba.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Mama ta ga abin da Romawa 5 ke faɗi, cewa wahala takan haifi jimiri, jimiri ya haifi halin da aka gwada, shi kuma ya haifi sa zuciya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa, ita kuwa a kan dutsen ma ta kwana. Ku je ku gaishe ta, ku durƙusa, ku zauna ku ji daga bakinta.

Da muna yara, in aka ce ga wanda ya sha duka don bishara, tashi ake yi a ba shi kujera. Iyayenmu sukan ba mu labarin Baba Simon, limamin Katolika ɗan kudu da ya zo Tokombere a 1959, yana hawa duwatsu ba takalmi har kusan rasuwarsa a 1975. Ba wanda ya dubi ƙafarsa ya ce Allah ya yashe shi. Mutane kan yi tafiyar awa biyu a ƙasa don su ji karatun Littafi Mai Tsarki, su koma da yunwa suna waƙa. Yanzu ga benci, ga fanka, ga lasifika, amma sai an roƙe ku ku ajiye waya.

Da aka tashi, na ga mama ta tsaya a bakin ƙofa tana miƙa wa kowa hannu. Kuka wuce ta gefenta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce mata sannu.