Kansar ciki da muke kira olsa

Shekara biyu kawuna ya yi yana shan maganin olsa. Duk wanda ya shiga ɗakinsa a Tudun Wada zai ga kwalaben farin maganin nan jere a kan taga. Ya bar yaji, ya bar tsami. Loma uku ta tuwo sai ya ture kwano ya ce ya ƙoshi, ga rama har wando ya daina zama a ƙugunsa. Ba mu kai shi asibiti ba sai ranar da ya yi aman jini. Aka shiga da shi tiyata, ba a jima ba babban likitan ya fito ya ce da mu: "Ku yi haƙuri, ciwon ya riga ya kama hanta. Hanyar da abinci zai wuce kawai muka iya yi masa." Bayan wata huɗu Allah Ya karɓi abinsa.

A zaman makoki na ji ana cewa ai wuƙa ce ta tayar da ciwon, wai daji ba ya son ƙarfe. Wannan magana ta fi komai ci mini rai, domin ita ce za ta hana wani zuwa asibiti gobe. Wuƙar ba ta yi laifi ba, makara muka yi.

Tun 1881 wani likita mai suna Theodor Billroth ya yi nasarar yanke ɓangaren tumbin wata mai kansa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kuma har yau tiyata ce babbar hanyar warkewa. Amma aikin ba wasa ba ne. Likita zai cire rabin tumbi ko dukkansa, ya bi jijiyoyin jini yana tsince kaluluwan da ciwon ke bi ya yaɗu, sannan ya jawo hanji ya ɗinke da abin da ya rage. Ɗinkin nan in ya yi yoyo, rai na cikin haɗari. To ina ga majinyacin da ya iso a rame, jininsa ya ƙare? Naman da bai samu abinci ba ba ya riƙe zare. Ga neman masu ba da jini, ga kuɗin allurar kashe ciwon daji kafin aiki da bayansa, duk daga aljihun dangi.

Wanda ya tsira ma sabuwar rayuwa zai koya. Malmalar tuwo guda ta fi ƙarfinsa, sai kaɗan-kaɗan sau shida ko fiye a yini. In an cire tumbin baki ɗaya, zai riƙa karɓar bitamin B12 har ƙarshen rayuwarsa.

A Koriya ta Kudu duk wanda ya kai shekara 40 ana duba cikinsa duk bayan shekara biyu, shi ya sa suke kama ciwon yana ɗan tsiro, wani lokaci su kankare shi ta na'urar leƙa ciki ba tare da an tsaga mutum ba. Ban ce Kaduna ta kwaikwayi wannan gobe ba. Amma ƙwayar cutar H. pylori mai zama a tumbi, wadda tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya cikin masu haddasa kansa, ana gano ta da gwajin bayan gida, a kashe ta da maganin kimanin mako biyu. Me zai hana KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ta ɗauki nauyin wannan gwaji da na leƙa ciki? Mutumin Birnin Gwari bai kamata sai ya sayar da gona kafin a leƙa cikinsa a asibitin koyarwa na Shika ko na Barau Dikko ba.

Masu kemis kuma ina roƙon ku don Allah. Dattijon da ya dawo karo na uku neman maganin olsa, yana rama, ko ya ce bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ku ce masa: "Baba, wannan ya wuce shagona, a tafi asibiti yau."