Budurwa da fure a cikin kwalin sigari

A gidan tarihi na Metropolitan da ke New York akwai tarin katunan da Jefferson Burdick ya tattara ya ba su kyauta. Cikinsu akwai wani jeri na sigarin Duke na shekarar 1892. Kowane kati hoton budurwa ne da fure, an kuma rubuta ma'anar furen. Masu kallo kan ce abin sha'awa ne kawai. Ni kam ba na ganinsa haka.

Asalin katin ɗan kwali ne da ake sakawa don kada karan sigari ya karye a fakiti. Amma da James Duke, mai kamfanin sigarin, ya kawo injin Bonsack a 1884, mai naɗe kara wajen 120,000 a yini, kaya suka fi ƙarfin masu saye. Sai kati ya koma tarko: wanda ya samu ɗaya zai yi ta saye har ya cike jerin.

Turawan lokacin sun ba kowane fure ma'ana. Farin lili tsarki ne, fayolet kunya, jan wardi soyayya. Da aka haɗa wannan da fuskar mace, saƙon ya fito fili: mace ta gari ita ce mai kyau, mai kawaici, wadda ba ta magana sai fure ya yi mata. Kuma a aljihun namiji take, gefen ashana. Wannan ne ke damuna. Kamfanin da ke buga hoton mai kunya shi ne ke buga na 'yan wasan dandali, har mahaifin Duke, Washington, ya rubuta masa wasiƙa a 1894 yana ƙorafi kan hotunan rashin ɗa'a. Kunya da rashinta duk haja ce a wajensu.

Ita kuwa macen da ke raye ba a yarda ta kunna ba. A 1908 majalisar birnin New York ta hana mata shan sigari a wuraren jama'a, kafin magajin gari ya soke dokar.

Da kasuwa ta buƙaci kuɗin mata, sai aka sauya waƙa. Kamfanin American Tobacco, wanda Duke ya kafa a 1890, ya ɗauki Edward Bernays, gwanin talla, shi kuma a 1929 ya shirya 'yan mata suka kunna sigari a jerin gwanon Ista na New York, aka ce wai fitilar 'yanci suka riƙe.