Tiya Biyu da Lasifika

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake cika baki a majalisarmu ta Ƙofar Marusa cewa ni da layin rabon abinci har abada. To, ran Talata mai unguwa ya aiko, wai sunana ya fito. Uwargida ta ce in ban je ba ita za ta yafa mayafi ta je. Na lalubo tsohon takunkumin korona na rufe fuska, na ɗauki buhu mai cin kilo 50, har da ɗaukar mai kura ya jira ni a bakin firamare.

Awa uku ina shan rana, kai a sunkuye, ba wanda ya gane ni. Can sai wani yaro ya ɗauki lasifika. Sunana, sunan mahaifina, har da laƙabin da rabona da jin sa tun ina aji uku. Sau uku ya rangaɗa shi. Na ɗaga hannu a hankali. Ya ce, "Baba, a cire ƙyallen mu ga fuska." Na cire. Wa zan gani riƙe da rajista? Surukina. Na zube na kwashi gaisuwa, buhu a hammata. Bai ce komai ba, ya dubi buhun, ya dube ni, ya sake duban buhun, sannan ya ce, "Malam, wanga duk na mi ne?" Tiya biyu ta masara da taliya ƙwaya ɗaya. Da aka juye, sai da na leƙa kafin na hango su.

Duk wannan da sauƙi. Mai shayin layinmu ne ya ƙona min rai. Kun san shi, mai madarar nan da ruwa ya fi yawa. Shi ma fa layin yake bi, amma ya dafe ciki yana dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa yanzu sai in biya shi naira 700 ɗinsa tunda gwamnati ta tuna da ni. Naira 500 ce, kuma ƙwan da ya soya min ranar ma ya kwana.

Mai kura ya ce sai na ba shi kuɗin jira. Na saɓa buhuna na taka da ƙafa. Uwargida ta leƙa ciki, ta tambaye ni kuɗin niƙa.