Masu ƙananan motoci, ku daina sayen jak da ton

Jama'a, kusan duk wanda ya je sayen jak a garin nan na Kaduna tambaya ɗaya yake yi: "Ton nawa ne?" Mai shago ya ce, "Uku ne, Alhaji, ko Hilux zai ɗaga." Sai fuska ta saki, a yi ciniki, a jefa a but. Ni a ganina, in motarka irin masu ƙasa-ƙasan nan ce, Accord ko Civic ko Camry ko Marsandi C-Class, ba wannan ce tambayar farko ba. Ta farko ita ce: in aka kwantar da jak ɗin gaba ɗaya, santimita nawa ne daga ƙasa zuwa kansa? Jak ɗin da ya ƙi shiga ƙarƙashin mota, ko ton goma aka rubuta a jikinsa, kaya kawai ka ƙara wa kanka.

Maganar ton ɗin ma ba ta da tsawo. Corolla nauyinta bai wuce wajen kilo 1,300 ba, Accord da Camry wajen 1,500. Kuma ba wanda ke ɗaga mota ɗungurungum don canza taya, kusurwa ɗaya ake ɗagawa. Ko gaban ka ɗaga duka, inda injin yake, da ƙyar nauyin zai kai ton ɗaya. Ton 2 ya ishe ka har da rara. Ton 3 na masu Prado ne.

Na san inda muka gaji wannan ɗabi'a. Mu 'yan Kaduna a cikin Fijo muka tashi. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri, an daɗe ana yin 504 a can, kuma mota ce mai tsayi, wadda aka yi wa hanyoyinmu. Ka tura mata jak mai kama da kwalba, ya shige ba gardama. Direbobin bas na tashar Kawo da na manyan motoci su ma shi suke riƙewa, kuma a wajensu ton ɗin ne abin dubawa, da gaskiyarsu. To amma motocin da ke shigo mana yanzu an ƙera su ne don titunan Amurka da Turai. Dubi yadda mai Accord ke karkacewa yana hawa tudun rage gudu a Unguwar Rimi, taya ɗaya bayan ɗaya, yana addu'a kada cikin ya goga. Wannan motar ce za ka saya wa jak ɗin 504?

Ga lissafin. Yawancin irin waɗannan motoci, tsakanin cikinsu da ƙasa santimita 13 ne zuwa 15, da iska cike a taya. Wurin da ake ɗora jak yakan ɗan fi haka. Amma ai ba ranar da taya ke lafiya kake neman jak ba. Ɗauki taya mai lamba 205/55 R16, wadda ta cika gari. Lambar tsakiya tana nufin tsayin gefen tayar kashi 55 cikin ɗari ne na faɗinta, wato wajen santimita 11. In iska ta fice, mafi yawan wannan tsayin ya tafi, kusurwar motar ta zauna. Jak na kwalba mai ton 2 yakan fara ne daga santimita 15 zuwa 18, ka ga shi ya fita daga lissafi tun kafin a fara. Ƙaramin jak mai taya, jan nan da ke zuwa cikin akwatin roba, wanda ya fi yawa a shaguna, yana farawa daga wajen 13. A shago zai shige ƙarƙashin motarka lafiya lau, ka biya kana murna. Ranar faci sai ka tura ya daki gefen mota ya tsaya. Wanda aka yi musamman don motoci masu ƙasa, mai shimfiɗaɗɗen baki, daga 7 da rabi zuwa 9 yake farawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shawarata, kafin ka doshi masu kayan mota na Ori-Apata ko wani shago, tsaya wajen mai facin unguwarku. Ka ce ya sace duk iskar ɗaya daga cikin tayoyin gaba, ka sa tef ka auna daga ƙasa zuwa wurin ɗora jak, sannan ya mayar maka da iskarka. Wannan lambar ka rubuta a waya. Duk jak ɗin da kansa ya fi ta tsayi, ka bar wa mai shi abinsa, ko da zai rantse maka.

Ka kuma duba iyakar inda yake kaiwa in ya miƙe. Ƙananan nan a wajen santimita 33 suke tsayawa, alhali in ka ɗaga jikin mota tayar takan biyo ƙasa tukuna kafin ta saki. Manyan masu shimfiɗaɗɗen baki suna kaiwa wajen 50.

Akwai abin da ke ci mini rai, kuma ba na jin ana maganarsa. Ka sunkuya ka leƙa ƙasan ƙofofin motocin da ke fake a kan Ahmadu Bello Way, za ka ga siririn ƙarfen nan da ya bi tsawon motar duk ya lanƙwashe. Aikin jak ne. Kamfani ya yi 'yan tsagu biyu a jikin ƙarfen, bayan tayar gaba da gaban tayar baya, don nuna inda aka ƙarfafa shi. Jak mai taya kuwa kansa faranti ne na ƙarfe, in ka ɗora siririn ƙarfen kai tsaye sai ya murƙushe shi, fenti ya ɓare, damina ta zo tsatsa ta kama. Maganin roba ce mai kauri, mai tsaga a tsakiya, da ake ɗorawa kan farantin. In ba ka samu ba, guntun katako mai ƙarfi da aka tsaga ya yi. Kuma in yaron mai faci ya tura jak yana laluben duk inda ya taɓa, ka yi masa magana da daɗin baki: "Ɗan'uwa, matso da shi nan." Kada ka bari ya tokari tukunyar baƙin mai ko daɓen motar.

Yanzu ga inda wasu za su ce na yi tufka da warwara. Duk yabon da na yi wa jak mai taya, ban yarda ka jefar da wanda ya zo da motar ba, mai murɗawar nan. Hannun jak mai taya ba miƙe yake tashi ba, zagaye yake yi, saboda haka dole jak ɗin ya riƙa gangarawa ciki yayin da motar ke tashi. A kan siminti tayoyinsa za su gangara. A kan yashi ko jar ƙasar da ruwa ya jiƙa, irin ta layukan Rigasa a watan Agusta, nutsewa za su yi, sai farantin ya riƙa jan motar ko ya zame. Ga kuma nauyi: babban na ƙarfe yana kai kilo 30 ko fiye. Ƙaramin na alminiyam wajen rabin haka ne, sai dai tsada. Don haka shi na gida ne, na gareji. Na hanya, ka bar mai murɗawa a but, shi da ma an auna shi da motarka a lokacin da tayarta ta sace, ka haɗa shi da faffaɗan katako guda biyu. Ɗaya ka shimfiɗa ƙarƙashin jak, ɗayan ka hau kansa da tayar da ta yi faci don motar ta ɗan tashi. Mai yawan bin hanyar Zariya ko Abuja, wanda ba ya son daɗewa a gefen titi bayan magariba, shi kam in da hali ya sayi na alminiyam mai ton 1.5. In 'yar Kwatano ka saya kuma, buɗe but ɗin yau ka tabbatar jak ɗin na ciki, da yawa ba sa zuwa da shi.

Sabo ne ko na gwanjo, kada ka biya sai ka ɗaga motarka da shi a gaban mai shago. Ka bar ta a sama na ɗan lokaci ka ga ko tana sauka da kanta. Ka murɗa a hankali ka ga ko zai sauke ta sannu ko zai sake ta tim. Ka shafa jikin silindar ko akwai danshin mai. Wanda aka taɓa yi wa walda a hannu, bar shi. Ina girmama masu sana'ar Panteka, ba abin da ba sa ƙerawa, kuma wajensu zan je a yanko mini farantin ƙarfe na shimfiɗawa a ƙasa, amma hannun jak da ya taɓa tsagewa ba abin gyara ba ne. In man cikinsa ya ragu, man haidurolik ake zubawa. Man birki da wasu ke ɗurawa cinye robobin ciki yake yi.

Kuma waɗannan robobin su kaɗai ke riƙe da motar a sama. Shi ya sa ba a shiga ƙarƙashinta da jak kaɗai, sai an sa matokarin ƙarfe mai ƙafafu. Ba bulo ba, bulo fashewa yake ba sallama. A hanya, ja birkin hannu, sa giya, sa waigi a tayar da ke ɗaya kusurwar, sassauta notuna tun motar na ƙasa, sannan ka tura safayar ƙarƙashin gefen motar har ka ciro wadda ta yi faci ka musanya su.

Notunan ma, don Allah ku riƙa hana masu faci zura bututu a sifana suna hawa kai da ƙafa. Ɗaurin da Toyota da Honda suka ƙayyade wa ƙananan motocinsu, babban mutum zai yi shi da hannu da sifanar da ke but. In motar Hajiya ce, a ba ta sifanar ta gwada kwance noti ɗaya kafin a bar wajen.