Taron juriya da ya kasa jure ɗaukewar intanet

To, na je taron nan da aka yi ta cika mu da tallarsa, kuma na dawo. Masu tambayata ta akwatin saƙo "ya aka ƙare?", ga amsarku: an ƙare da hotuna. An tara 'yan kasuwa da masu tsara manufofin gwamnati don a tattauna yadda fasaha za ta sa al'umma ta jure wa bala'i, sai intanet ɗin zauren ya ɗauke. Shi ke nan, komai ya tsaya cak. Jawabin babban mai magana yana can a ma'ajiyar intanet, bai sauke ko shafi ɗaya ba. Masu katin kasuwanci na zamani, irin wanda ake haskawa da waya, suka koma neman biro da takarda. Wallahi da wasan kwaikwayo ne da an ce marubucin ya cika gishiri.

Da intanet ya dawo na ɗaga hannu, na yi tambaya ɗaya: idan abin ya faɗi, mene ne na biyu, kuma wa zai biya kuɗinsa? Shugabar zaman ta yi murmushi ta ce tambaya ce mai muhimmanci, za mu ci gaba da ita a lokacin sada zumunci. Lokacin ya zo, aka ci gaba da musayar lambobi.

Wa zai biya? Wannan ita ce maganar gaba ɗayanta. Juriya hanya ta biyu ce da ake kashe mata kuɗi kullum, ana fatan kada ranar amfaninta ta zo. Ba ta kawo riba a rahoton wata uku, ba a yanke mata ƙyalle, ba ta kyau a hoto. Shi ya sa kowa ke son ambatonta a kan mumbari, babu mai son ganinta a kasafin kuɗinsa.

Ku tuna 19 ga Yulin 2024. Ba ɗan kutse ba ne, ba yaƙi ba ne. Sabuntawa guda ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki, ma'aikatan filin jirgi suka koma rubuta tikitin shiga da hannu. Kamfanin da aka ɗauka don tsaro shi ya zama ƙofar ɓarna, saboda kowa ya jingina da bango ɗaya. A watan Maris na shekarar, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma. Masu taƙamar suna da layi biyu suka gano ashe layukan nasu hanya ɗaya suke bi. Ƙasar Tonga da ke tekun Pasifik kuwa waya ɗaya tak ta haɗa ta da duniya. Da dutse ya yi aman wuta a Janairun 2022, sai da aka shafe kusan mako biyar kafin a gyara ta.

Na san abin da za ku rubuto. "Ai haɗuwa da mutane shi ne jari." Na ji. "Ai daga irin wannan zama ake samun abokan hulɗa." Madalla, Allah ya ƙara kasuwa. Ba na faɗa da neman ciniki, ni ma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Amma a kira abu da sunansa. In baje koli ne a ce baje koli. Kada mai sayar da manhaja ya zauna gefen jami'in da zai sa hannu a kwangilarsa, su yi ta yabon juna, sannan a ce mana an tattauna manufa. Wa zai biya? Ba su faɗa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda babu su a zauren. Babu injiniyan da ake tasa daga barci ƙarfe biyun dare. Babu ma'aikaciyar jinya da ta taɓa duba majinyata alhali na'ura ta ƙi buɗe bayanansu. Su ne suka san inda rufin ke yoyo, amma kuɗin rajista ya fi ƙarfinsu, kuma babu mai son katinsu.

Gaskiya tsoro nake ji, ba raha ba. Na ga yadda ake janye takarda da tsabar kuɗi da layin wayar tarho, ɗaya bayan ɗaya, ba a ajiye komai a gurbinsu ba. A Kanada, ranar 8 ga Yulin 2022, hanyar sadarwar kamfanin waya na Rogers ta faɗi. Biyan kuɗi da katin Interac ya tsaya, wasu suka kasa kiran lambar gaggawa ta 911. Sai bayan haka gwamnati ta sa kamfanonin waya suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar kiran juna a lokacin gaggawa. Ihu bayan hari ne, amma ko banza an tilasta wa wani ya biya. Suwidin, ƙasar da ta kusa mantawa da takardar kuɗi, yau ita ke shawartar 'yan ƙasarta su ajiye tsaba a gida saboda ɓacin rana. Wannan ce manufa: doka ta ce dole, ta kuma faɗi wanda zai ɗauki nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu mun ɗauki hoto da goran, mun rubuta masa sanarwar bayan taro.

Af, bawan Allahn nan mai shuɗiyar kwat da ya ari birona lokacin da katinsa ya ƙi buɗewa: na ga ka turo mini buƙatar abota a LinkedIn. Zan karɓa, amma dawo mini da birona tukuna.