Hajiya Tana Hutawa

A watan nan na cika shekara 5 rabona da barasa. Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su ajiye waya su yi salati, domin sun san ni a zaurukan biki na Jidda da Makka riƙe da abin magana, ina wasa ango da danginsa da Hausa da Larabci, kuma sun san gidan da na fito. Kafin in rubuta abin da ya shafi mahaifiyata sai da na nemi izininta, ta ba ni bisa sharaɗin kada in ambaci sunan kowa. Maganar da nake tafe da ita kuwa ita ce, a cikinmu Hausawan Hijaz babu marar lafiyar da yake daɗewa cikin wahala kamar na gidan mai kuɗi, domin gidan mai kuɗi yana da ɗakin da zai ɓoye shi, yana kuma da abin toshe bakin duk wanda ya gani.

Kakana da ƙafa ya zo ƙasar nan. Ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira ta Sudan kafin ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Suwakin, ya sauke farali, ya zauna a Makka har ya rasu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tashi da takardar ɗan ƙasa, ya yi arziki da cinikin zinariya da turare da yadi tsakaninsa da alhazan Kano, daga baya ya shiga jigilar kaya. Ni ban san waccan wahala ba sai a labari. A unguwar Rauda aka raine ni, direba ne yake kai mu makaranta, hutun bazara a Landan ko Alƙahira, kuma idan danginmu na Shara Mansur da Karantina suka zo gaisuwar Sallah, a falon ƙasa ake tsayar da su, babu mai hawa bene. Muna yara mun ɗauka girman kai ne ya kawo wannan doka, ashe tsoro ne.

Ina da shekara 11 na farka wajen ƙarfe 3 na dare na tarar an kunna kowace fitila a gidan. Hajiya tana kicin ta ɗora tanda biyu tana suyar masa, ƙullu har gwiwar hannu, awarwaronta na zinariya sun yi dumu-dumu, tana zuba magana ba ko numfashi, wai gobe za ta ciyar da duk wani mai bara da yake bakin Harami. Kwananta huɗu ke nan ba ta runtsa ba. Da ta gan ni sai ta yi dariya, ta zare awarwaro ɗaya ta ce in kai wa mai gadi. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa da jallabiyar barci, kuma abin da ya fara yi shi ne ya je ya rufe tagogin da suke kallon maƙwabta. Bayan mako biyu wutar ta mutu, Hajiya ta shige ɗakinta na bene, aka saki labule, ta yi wata uku ba ta sauko ba, ko wanka sai an lallashe ta. Duk wanda ya bugo waya ko ya yi sallama, amsa ɗaya aka koya mana: Hajiya tana hutawa.

Fiye da shekara 20 ana wannan hawa da sauka. An kawo masu ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an zargi wata goggonmu da sammu har zumunci ya yanke. Ni ba na raina ruƙiyya, Alƙur'ani waraka ne, amma wanda ya koya mana ruƙiyya, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya umarce mu da neman magani. Abu ɗaya da aka ƙi yi shi ne kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi idan aka ce wane sai Shihar, wato asibitin masu taɓin hankali na Ɗa'if, wanda ya fi kowanne daɗewa a Saudiyya, har sunansa ya zama abin tsokana a bakin yara. Alhaji yana da 'ya'ya mata huɗu da za a aurar, yana da suna a kasuwa, kuma ya san irin binciken da dangin miji suke yi. Ba na cewa bai so ta ba, domin na sha ganinsa zaune a ƙofar ɗakinta yana jan carbi har asuba. Sai dai ciwon nan yana da suna, likitoci suna ce masa baifola, wato mai gefe biyu, kuma tun 1949 wani likita a Ostireliya mai suna John Cade ya nuna cewa gishirin litiyam yana kwantar da shi. Maganin ya girmi Hajiya kanta, yana nan a kantin magani duk tsawon shekarun da muke rufe tagogi.

Akwai wani ɗan'uwanmu a Karantina da irin wannan ciwo ya kama. Gidansu ɗaki biyu ne, bango ɗaya da maƙwabta, don haka babu inda za a ɓoye shi, kafin mako ya zagayo mutanen layi sun sa shi a mota sun kai shi asibiti. Yau yana shan maganinsa, yana da shago da mata da 'ya'ya. Ba ina yabon talauci ba ne, kuma na san akwai 'yan'uwanmu marasa iƙama waɗanda tsoron kamu yake hana su kusantar ƙofar asibiti, wannan wata masifa ce daban. Amma shi dai rashin bene ya cece shi.

Ni kuwa darasin farko da gidanmu ya koya mini shi ne yadda ake fara'a a falo alhali bene yana ci da wuta, kuma wannan darasi ne ya zama sana'ata. Na fara shan giya a Ingila ina ɗan shekara 19, an tura ni karatu da kuɗin da suka fi hankalina yawa. A daren farko na ji wani ƙulli da yake ƙirjina tun ina yaro ya kwance, daga nan na san na samu abin da nake nema. Na dawo babu takardar kirki, sai murya da iya baki. Biki ya fara kirana, Snapchat ya ƙara yaɗa ni, da aka kafa hukumar nishaɗi a 2016 kuwa sai aiki ya buɗe ta ko'ina.

'Yan'uwa daga Najeriya da Nijar sukan yi mamakin inda ake samun giya a ƙasa mai tsarki. An hana ta a dokance a 1952, zamanin Sarki Abdul'aziz, shekara guda bayan wani matashi ɗan babban gida ya bugu a wata liyafa a nan Jidda ya harbe wani jami'in diflomasiyyar Birtaniya, ka ga ke nan tun asali daga babban gida maganar ta taso. Doka ta rufe shago amma ba ta kashe ƙishirwa ba. Mai kuɗi ana kawo masa kwalbar fasa-ƙwauri har istiraha, wato gidan shaƙatawa, a bayan gari, ko ya hau jirgi zuwa Baharen ko Alƙahira ranar Alhamis, marar shi kuma ya sha siddiƙi da ake dafawa a ɓoye ko turaren kolonya, waɗanda wani lokaci sukan zo da gubar metanol mai makantar da mutum ko ta kashe shi. Kwalba ɗaya da nake shanyewa a dare ta fi rabin albashin direbanmu.

Illar suna ita ce, duk wanda yake kusa da kai abincinsa yana rataye da hawanka dandamali. Mai ɗaukar hoto ya san hannuna yana rawa, mai shirya mini aiki ya san abin da yake cikin gorar ruwan da nake riƙewa, amma maganar da ake yi mini ita ce in sha kofi in tauna cingam. Wata rana da asuba na daki katangar wani gida a hanyar Ubhur. Kafin rana ta ɗaga kawuna ya iso, ya ba mai gidan haƙuri, ya kawo magina, aka ja motar, zuwa azahar kamar ba a yi ba. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Ɗana, Allah ya rufa asiri, kada mahaifiyarka ta ji." Da wani yaron Karantina ne ya yi haka da ya kwana a tsare, a wancan zamani har da bulala, in kuma ba ɗan ƙasa ba ne a tasa ƙeyarsa. Ni sabuwar mota aka ba ni. A lokacin na ɗauka gata aka yi mini, yanzu da nake lissafi shekara 6 aka ƙara mini a cikin kwalba.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne wani azumi da na yi alkawari tsakanina da Allah cewa daga ganin wata na daina, ba tare da na gaya wa kowa ba. A rana ta biyu muna zaune a bakin faifan buɗa-baki, ga shurba ga sambusa ga Vimto, na ɗauki kofi sai na ga ba zan iya kai shi baki ba, yana ta kaɗawa yana zuba a farar rigata. Abin da na tuna ke nan. An ce na faɗi ina jijjiga kamar mai farfaɗiya, na ciji harshena. Kawu ya fara cewa a kira malam, sai Iya, tsohuwar da ta goye ni, wadda ta shekara 30 tana aiki a gidan ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta ce, "Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaron nan giya yake sha, kowa a gidan nan ya sani, ku kai shi asibiti kafin ya mutu a hannunku."

Ina roƙon duk mai irin halina ya riƙe wannan da kyau: wanda jikinsa ya saba da barasa kullum, yanke ta dare ɗaya ba tare da likita ba yana iya kashe shi. Rawar jiki da gumi sukan fara cikin sa'o'i kaɗan, jijjiga takan zo a kwana na ɗaya ko na biyu, wajen kwana na uku kuma wasu sukan ruɗe su riƙa ganin abin da babu shi. A asibiti da maganin kwantar da jijiyoyi da bitamin B1 ake saukar da mutum sannu a hankali. Gwamnati tana da asibitocin wannan aiki a Riyad da Jidda da Dammam, waɗanda aka sani da Al-Amal, yanzu ana ce musu Irada, ga kuma lambar ma'aikatar lafiya, 937, ga mai son ya fara tambaya daga nesa. Ni dai babu wanda ya kira mini ɗan sanda.

Da na dawo hayyacina likita ya tambaye ni ko akwai mai ciwon ƙwaƙwalwa a gidanmu, bakina ya riga tunanina ya ce babu. Yayata da take zaune a gefe ta ce akwai, ta kwashe labarin bene kaf ta faɗa masa, karo na farko ke nan da na ji ɗan gidanmu ya faɗe shi da baki. Shi ya bayyana mana cewa binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya gado ne, kuma damuwar da nake kashewa da kwalba ita ma tana da magani. Bayan wata huɗu na koma ruwa, na sake tashi, daga wannan tashi na biyu nake ƙirga shekaruna 5. Abin da ya riƙe ni shi ne zaman mako-mako da waɗanda suka sha irin abin da na sha, dabarar da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka faro a Amurka a 1935. A zaman namu akwai direban tasi da injiniya da ladan, kuma babu wanda ya damu da yawan mabiyana.

Na san za a kawo mini hadisin masu bayyana saɓo, kuma hadisi ne ingantacce. Amma wanda aka zarga a cikinsa shi ne wanda Allah ya suturce shi da dare, ya wayi gari yana tallar abin da ya aikata. Gaya wa likita ko neman taimakon ɗan'uwa ba talla ba ne. A Bukhari ma akwai labarin sahabin da aka riƙa kawowa a kan shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Mukan ce Turawa ba su da kunya idan shahararrunsu suka fito suka yi irin wannan bayani, amma Betty Ford matar tsohon shugaban Amurka ce, iyalinta suka zaunar da ita a 1978 suka gaya mata gaskiya, a 1982 ta buɗe cibiyar jinyar da take ɗauke da sunanta. Tony Adams yana kyaftin ɗin Arsenal ya fito a 1996 ya ce shi mashayi ne, a 2000 ya kafa wurin jinyar 'yan wasa. Mu kuma mun haɗa rufin asiri da ɓoye ciwo mun ba su suna ɗaya, alhali barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ƙannena an aurar da su duka, biyu daga ciki bayan maganar ta fito, kuma babu wanda ya fasa.

Hajiya shekararta 5 ke nan a kan litiyam. Tana da ranakun da ba ta jin daɗi, hannunta yana ɗan rawa saboda maganin, amma a falon ƙasa take karɓar baƙin Sallah, ta kuma aika aka ɗauko goggon da aka zarga ta nemi gafararta. Ni nake kai ta gwajin jini da ganin likita, ta babbar ƙofa. Zuwanmu na ƙarshe muna zaune a layi wani matashi ya gane ni, ya zo da fara'a ya ce ni na yi wa yayansa biki, sannan ya dubi allon da yake saman ƙofa ya rage murya ya tambaye ni ko wani na rako. Kafin in buɗe baki Hajiya ta gyara mayafinta ta ce masa, "Ni ya kawo, ɗana. Shi nasa ganin likitan sai ranar Laraba."